Jirgin Masu Shiru

Litinin, 4 ga Maris

Shekara arba'in ke nan ko fiye, wani wanzami ya ba ni labari yana yi mini gyaran fuska. Wai an taɓa saka wani mutum da bakinsa ya mutu a jirgin ruwa, aka zaga da shi kogi, ya dawo yana zuba kamar famfon da kansa ya kwance, har matarsa ta bi mai jirgin tana roƙo ya mayar da shi inda ya samo maganar. Ban yarda ba. Ban dai musa ba, don askar tana daidai maƙogwarona.

Yau Auta ta shigo mini da ƙanwar wannan labarin a takarda mai sheƙi. Wata ƙungiya ce ke ɗaukar mutane a jirgi duk Asabar, wai su huta, su yi tunani, basira ta buɗe, jiki ya sake. Ga hoton wasu sun rufe ido suna murmushi kamar an yi musu albishir. Ta ce ta riga ta rubuta sunana. Ta ce, "Baba, an ce har wani da ba ya magana ya warke a can." Na rubuta mata a ɗan allon da take ajiye mini: WANZAMI YA RIGA KI. Ba ta gane ba. Ba laifinta ba ne, lokacin ba a haife ta ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda littafin nan ba mai karantawa. Wata biyar ke nan da ciwon ya kayar da ni a shago, ƙarfen dalma a hannuna, rediyon wani a buɗe a gabana. Ƙafar hagu ta dawo rabi, hannun hagu bai kai rabi ba. Harshe ne ya ƙi. Maganar tana nan a kaina tsaf, a jere, amma in ta zo fita sai ta fito kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi. Likita ya ce ba abin da ya hana ni magana sai ni. Shi ya sani.

Talata, 5 ga Maris

Matakala arba'in da biyu ce tsakanina da ƙasa a benen gidan Auta. Na ƙirga ta ranar da mijin Auta da maigadi suka hau da ni kamar sabon firij.

Ɗakin ba laifi. Gado, kujera, fanka mai ƙara kaɗan a lamba biyu. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon gidan maƙwabta. A bangon akwai bututu mai ɗiga da tattabaru biyu da ba sa shiri. Na san su yanzu fiye da yadda na san wasu dangina.

Alhamis, 7 ga Maris

Na sake rubuta wa Auta MABUƊI a allo. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Mabuɗin gidana yana cikin jakarta, a ƙaramin aljihun zif, na ga inda take sa shi. Ɗaki biyu ne kawai da tsakar gida da bishiyar lemon da marigayiya mahaifiyarta ta dasa, amma a can ƙofa tana buɗewa kan titi, ba kan matakala ba.

Ta zauna a bakin gado ba ta ko cire takalmin aiki ba. Ta ce, "Baba, in ka faɗi a banɗaki wa za ka rubuta wa allo? Ranar da ka ɗauki waya ka kira ni da bakinka, ranar zan ba ka mabuɗinka. Ko kalma ɗaya ce."

Taurin kan uwarta ta ɗauko. Nawa na san inda yake, yana nan tare da ni.

Juma'a, 8 ga Maris

Auta ba ta san dalilin shiruna ba, kuma ba zan rubuta a allo ba. A asibiti ne, sati na uku. 'Yan bencin shagona suka zo dubiya, su huɗu, mutanen da suka shekara talatin suna zama a wurina ba don rediyo ba, don labari. Na ce bari in ba su wani ɗan abin dariya da ya faru da mai gadon kusa da ni. Na fara ja, ina ja. Suka fashe da dariya tun ban kai wurin dariyar ba. Duk su huɗun, lokaci ɗaya, da ƙarfi, suna satar kallon juna.

Tun ranar na rufe shago, na baki nake nufi.

Asabar, 9 ga Maris

An sauko da firij, an kai shi bakin ruwa.

Jirgin katako ne mai inji, da rumfa, benci biyar. Mu tara. Jagorar wata mata ce mai taushin murya, da 'yar ƙararrawa a hannu kamar ta makarantar yara. Kowa Malama yake ce mata. Dokokinta uku. Na ɗaya, duk waya a saka a akwati a bar ta a ofishin bakin ruwa, har ta mai jirgi. Na biyu, kowa ya sa rigar ruwa mai kalar lemo. Na uku, in ta kaɗa ƙararrawa ba mai sake cewa uffan sai ta sake kaɗawa bayan awa ɗaya da rabi. Daga nan a yi rubutu ko zane a littafin da ta raba, wanda ya ga dama ya karanta nasa.

Wato an kawo ni in koyi magana a wurin da aka hana magana. Da ina da baki da na yi dariya.

Saboda ƙafata aka ba ni bencin gaba, can bakin hancin jirgi, ni kaɗai. Sandata Malama ta karɓa ta cusa ƙarƙashin bencin baya, wai kada ta gangara.

A bayana akwai wani tsohon hedimasta mai ajiyar zuciya duk bayan minti biyar, da wata tsohuwar nas da ake kira Sista, wadda ta ƙanƙame bakin benci tun daga tashi har dawowa. Da aka ce a yi rubutu, Hedimasta ya cika shafi huɗu. Ni na zana bututun maƙwabta.

Lahadi, 10 ga Maris

Auta: "Ya ka ji, Baba?" Allo: RUWA NE. AKWAI SHI DA YAWA.

Laraba, 13 ga Maris

Tattabara ɗaya ba ta zo ba yau. Ɗayar ta yi ta safa da marwa a kan bututu. Ban ce na damu ba.

Asabar, 16 ga Maris

An yi wa mai jirgi faɗa. Mun wuce wani masunci, abokinsa ne da alama, ya ɗaga murya ya gaishe shi, har da tambayar ya mai jiki. Malama ta buɗe ido. Ba ta ɗaga murya ba, irin faɗan nan ne mai laushi da ya fi mari. "Direba, don Allah, kana yanke wa mutane tunani. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, akwai masu jirgi da yawa a bakin nan." Mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai kamar ɗan aji biyu. Daga nan ko tari ya zo masa sai ya haɗiye.

Lokacin karatu Hedimasta ya karanta mana waƙa a kan kogi, baiti goma sha tara. A cikinta kogi ya zama uwa, ya zama makaranta, ya zama agogo. Sista ta ce a hankali, "Ni dai ya zama ƙasa in taka." Ta ce 'ya'yanta ne suka turo ta don hawan jini, alhali ba abin da ke hawar mata da jini kamar ruwa. Ƙaninta ruwa ya ci suna yara, tana tsaye a gaɓa tana kallo. A gurguje ta faɗa, tana gyara ɗankwali.

Malama ta ce, "Mu numfasa tare da wannan." Aka numfasa.

Talata, 19 ga Maris

Na ɗauki wayar da rana, gidan ba kowa. Na nemo lambar Auta. Na gwada faɗin sunanta ga fanka tukuna. Abin da ya fito, in da rediyo ne aka kawo mini yana haka, da na ce wa mai shi ya haƙura ya sayi sabo.

Na mayar da wayar ƙarƙashin matashi.

Asabar, 23 ga Maris

Sabon salo. Akwai wata kwana da kogin ke faɗi, bishiyoyi sun sunkuyo, Malama ta ce daga yau a nan za a riƙa kashe inji, ruwa ya tafi da mu da kansa, don ƙarar inji ma surutu ce. Mai jirgi ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Gaskiya, da injin ya mutu, wurin ya yi daɗi. Wannan a nan kawai zan faɗa. Ruwa na lasar katako, wani tsuntsu na kira daga nesa. Sai na tsinci kaina ina tuna Kaka. Ita ta raine ni, kuma ba ta iya ba ka ko ruwan sha ba tare da labari ba. Akwai wata tatsuniyarta ta mutumin da ya sayi ƙofa tun bai gina ɗaki ba. Ya ɗoro ta a ka zai tafi gida, ruwan sama ya sauko, kogi ya cika, ya kwantar da ƙofar ya hau ya ƙetare a kanta. Mutanen ƙetare suka ga mutum ya taho a kan ƙofa, suka ce wannan ai shi ne mai gadin ruwa, suka yi layi kowa da buƙatarsa.

Daga nan ban san abin da ya faru ba. Sau ɗari ta ba ni ita, sau ɗari barci ya ɗauke ni a daidai layin nan. Ban taɓa ba kowa ita a shago ba, don ba na fara abin da ban san ƙarshensa ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Mijin Auta ya je duba gidan. Ya ce lemon ya yi 'ya'ya, suna zubewa a ƙasa suna ruɓewa. Ya ce ko a samo wanda zai zauna a ciki, gida ba ya son zama a rufe. Yaron kirki ne, ba da mugunta ya faɗa ba. Auta ta harare shi. Amma ba ta ce a'a ba, na lura.

Asabar, 30 ga Maris

Kafin a hau, mai jirgi ne ya kama ni zai zaunar, sai ya sunkuyo kunnena. Ya ce, "Baba, ruwa yana ja baya, kullum yashi na tasowa a kwanar nan. Ni daga baya, in an sauke labulen rumfa saboda rana, ba na ganin gaba. Kai ne idona. In ka ga ruwa ya yi fari-fari yana 'yan ƙananan tuddai, ka ce mini yashi kawai, in tokare da gora. Ni in na yi magana aikina ne zai tafi, kai ba mai korar ka."

Na gyaɗa kai. Ban san me ya sa na gyaɗa ba. Ko ya manta da wanda yake magana, ko kuwa shi kaɗai ne bai yarda bakin ya mutu ba.

Yau ruwan bai yi fari ba. Na dawo wuyana na ciwo don leƙe.

Laraba, 3 ga Afrilu

Ba abin rubutawa. Bututu. Fanka.

Asabar, 6 ga Afrilu

Ba yau ba. Gobe.

Lahadi, 7 ga Afrilu

To. Bari in bi shi daki-daki.

Jiya rana ta yi zafi, aka sauke labule ta ko'ina. Muka iso kwana, aka kashe inji, kowa ya rufe ido. Ni ina kallon gaba. Sai na gan shi, kamar taku talatin, ruwan ya yi fari yana 'yan tuddai, daidai yadda ya kwatanta. Muna gangarawa kansa a hankali, a hankali ƙwarai, har da lokacin da mutum zai sha shayi.

Na ɗaga hannu. Wa zai gani? Na bubbuga katako. Hedimasta ya buɗe ido ɗaya ya ɗora yatsa a leɓe. Kalmar tana bakina, gajeriya, na ji ta a kan harshe. Sai na ji yadda za ta fito a cikin shirun nan, a gaban mutum tara, a ja, a karkace, kowa ya buɗe ido ya dube ni da fuskar nan ta 'yan bencin shago. Taku ashirin. Taku goma. Na haɗiye ta.

Jirgin ya hau yashi da wani gurnani, ya karkata gefe. Littattafai suka zube. Gindinsa ya juya ya bugi tudun, wani abu ya karye a farfela. Mai jirgi ya yi tsalle cikin ruwa, iya gwiwa, ya tura, ya tura, ko motsi. Ta kowane gefen tudun kuwa ruwa mai zurfi ne, mu kuma tsofaffi ne da masu ciwo. Wani ya ce a kira ofis. Aka dubi juna. Wayoyi suna can cikin akwati suna hutawa, su ma basirarsu na buɗewa.

Mai jirgi ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa ya taka da ƙafa ya samo wani jirgin, awa biyu ko uku. Ya ce kada wanda ya sauka, kada a taru gefe ɗaya. Da zai wuce ta gabana ya dube ni. Sai ya kama iyo. Da ya zage ni da ya fi.

Rabin awa na farko an daure. Daga nan Sista ta fara. Numfashinta ya riƙa fita guntu-guntu, idonta a kan ruwan da ke shigowa kaɗan-kaɗan ta gefen da ya karkata, tana cewa, "Haka ya yi, haka ruwan ya yi ranar." Ta miƙe za ta fita, jirgi ya yi lilo, mata biyu suka yi ihu. Malama, baiwar Allah, ita ma fuskarta ta yi fari, ta ce a rufe ido a numfasa, ta kaɗa ƙararrawa. Sista ta ce, "Ki sake kaɗa abin nan in jefa shi ruwa in bi shi!"

Ban shirya ba. Na ji kawai wata murya mai kama da ta saniya ta ce, "Sista."

Aka yi tsit, na gaske wannan karon.

Na ce, "Ni ne. Na ga yashin. Ban faɗa ba." Ya ɗauke ni lokacin da mai lafiya zai karanta rabin shafi. Ba wanda ya taya ni, ba wanda ya ƙarasa mini. Tsoro ya hana su tausayi.

Sista ta dube ni, hannunta a ƙirji. Ta ce, "Au! Dama kana magana?"

Hedimasta ya ce, "Sati huɗu ina tausayin wannan bawan Allah, har na sa shi a waƙa."

Ta ce, "Ka gani ka yi shiru? Kai wane irin tsoho ne? Da a asibitina ne da na yi maka allurar da ba ka buƙata!" Tana faɗa tana huci, amma ni take kallo, ba ruwa ba. Na lura da haka. Shekara talatin ina kallon fuskar masu sauraro, na san lokacin da ido ya kamu. Na ce a raina, in na sake ta za ta koma ruwa.

Na ce, "Zauna. In biya ki. Da labari."

"Da wannan bakin? Sai gobe ke nan."

"Muna da. Lokaci."

Wani ya yi dariya a baya. A daidai wurinta ta zo, ba ta riga ni ba.

Ta zauna. Na fara mutumin da ya sayi ƙofa. Ba ni da wata a kaina sai ita. Ina ja, suna jira. Wani abin mamaki, jinkirin bai ɓata ta ba. Kaka ma a hankali take ba da ita, tana tsayawa ta kurɓi ruwa a daidai inda ranka ke son ji. Ni ciwo ne ke tsayar da ni, amma mai sauraro bai san bambanci ba. In kalma ta maƙale sai in bar ta in zagayo ta wata hanya, kamar yadda nake yi wa waya in layin allon rediyo ya ƙone.

Muka iso layin masu buƙata, inda barci ke ɗauke ni. Gaba babu komai, fili fetal. Sai na nuna Hedimasta na ce, "Kai ne. Na farko. A layi. Me kake so?" Ya gyara zama ya ce yana son mai gadin ruwa ya sa mutane su riƙa sauraron waƙa har ƙarshe. Sista ta ce, "Wannan ko mai gadin ruwa ba zai iya ba." Na sa mai ƙofa ya ba shi amsa, ban san daga ina ta zo ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Malama ta ce ita tana son ranar Asabar ɗaya da ba ita ke da alhakin kowa ba. Ta faɗa tana dariya, sai kuma ta share ido. Aka zo kan Sista. Ta ce, "Ya faɗa mini ko yaron ya ji tsoro." Na ce mai ƙofa ya ce sai ya shiga ya tambayo, ta dawo mako mai zuwa. Ta ce, "Ka ji ɗan damfara." Amma ta saki bakin benci.

Muna haka muka ji inji. Hedimasta ya ce, "Kash, da sun ƙara rabin awa."

A bakin ruwa mutane sun taru, an ji labari. Auta tana can gaba, ido jawur, maigadin ofis ya hana ta matsowa kan katakon sauka. Aka fito da akwati, kowa ya ɗauki wayarsa. Na ɗauki tawa. Tana tsaye bai fi taku goma ba, tana ɗaga mini hannu. Na danna lambarta. Na ga ta duba jaka a fusace, wa ke kira a wannan lokaci, sai ta ga sunan. Ta ɗago ta dube ni. Ta kai wayar kunne a hankali.

Na ce, "Auta. Mabuɗi."

Abin da ta yi a gaban mutane ba zan rubuta ba, babbar ma'aikaciya ce.

Litinin, 8 ga Afrilu

Muƙamuƙina kamar na tauna dutse. Na ce wa mijin Auta ina kwana. Ya zubar da shayi a wando.

Alhamis, 11 ga Afrilu

An mayar da firij gidansa. Ƙura, ƙwari, lemo a ƙasa. Na zauna a tsakar gida har rana ta juya. Ƙofa a buɗe kan titi, yadda nake so.

Gidan shiru. Ban tuna haka yake ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

Ba jirgi yau, ana gyaran farfela. Na sa an kai ni bakin ruwa duk da haka, don akwai maganar da ban yi ba. Na samu mai jirgi a ƙarƙashin injinsa. Na ce masa ya yafe. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Baba, ai da ka faɗa da wuri da yanzu ba a mayar mini da bakina ba." Wai Malama ta ce daga yanzu direba ya yi magana duk lokacin da ya ga dama, kuma wayarsa tana aljihunsa.

Talata, 16 ga Afrilu

Na kira Auta da safe. Jiya ma. Gwada wayar nake, kada ta lalace don rashin amfani.

Biyu daga cikin 'yan benci sun leƙo. Na bar su sun shigo. Ɗaya ya fara washe baki tun ina tsakiyar magana, na ce masa, "Jira. Ban iso ba." Ya jira.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na je. Ba don komai ba, mai jirgi yana buƙatar ido a gaba, kuma Sista ta aiko a faɗa mini tana jiran amsarta, in ban zo ba ta san unguwarmu. Kwana uku ina juya abin da mai ƙofa zai ce mata. Na samo wani abu. Ko shi ne na Kaka ko ba shi ba, ba mai tashinta ya tambaya. Ƙarshen tatsuniyar dai har yau babu, layin masu buƙata kullum ƙaruwa yake. Shirun an rage shi zuwa rabin awa. Ban ce ina jin daɗinsa ba, amma a cikinsa amsar ta ƙarasa nuna.

Kafin a hau ina zaune a bencin ofis, wata mata ta zauna kusa da ni, baƙuwa, riƙe da hannun mijinta. Dogon mutum, bakinsa ya ɗan karkace hagu, idonsa a ƙasa. Na san kallon nan, na yi rabin shekara ina yin sa. Ta ce mini, "Baba, kai ma jinya ka zo? Mu an ce mana a jirgin nan aka saka wani tsoho bebe, shekara bakwai bai ce uffan ba, jirgi ya kife da su a tsakiyar ruwa, ya fito yana ba da labari har da waƙa. An ce yanzu 'yarsa har kashe waya take don ta huta."

Na ce, "Haka. Aka ce?"

Ta ce, "Wallahi. Kai dai ka sa rai."

Shekara bakwai. Har da waƙa. Na buɗe baki in gyara mata lissafi, sai na ga mijin ya ɗago ido kaɗan yana jiran abin da zan ce. Na bar labarin a yadda ta kawo shi. Na ce wa mai jirgi ya zaunar da mijin a gaba kusa da ni, wurin ya fi faɗin miƙe ƙafa. Da muka tashi na nuna masa ruwa na ce in ya ga ya yi fari ya faɗa, ni idona ba shi da kyau yanzu. Idona lafiya lau.

Har yanzu ban ce na yarda da labarin nan ba. Ina dai rubuta waɗanda suka ba ni shi, don kada in manta. Na farko wanzami, da aska a wuyana. Na biyu Auta, da takarda mai sheƙi. Ta ƙarshe, matar dogon nan da ya zauna kusa da ni yau yana leƙen ruwa, leɓensa na motsi.